Igiyar Zaruna a Bayan Kwabo

A Taksila in ka ce ba ka san Zaruna mai igiya ba, to ko dai jiya ka sauka garin, ko kuma ba ka taɓa riƙe kwabo a hannunka ba. Rumfarta na bakin kasuwar dawaki, inda take tufka igiyar gashin doki da dabaibayi da ragama, hannu na tufka baki na zuba, ba wanda ke jiran wani. Mace ce kakkaura, kai ya yi fari fat, dantsenta kuwa ko samari ba sa son gwada ƙarfi da shi. 'Yar ƙabilar Saka ce gaba da baya, cikin mutanenmu na farko da suka gangaro daga duwatsu da garken dawaki tun Yunanawa na mulkin garin.

Amma ba tufka ce ta fito da sunanta ba. Tsohon kwabon tagulla na garinmu, mai kusurwa huɗun nan, gefe ɗaya kan sarkin Yunanawa ne da dogon hancinsa. Ɗaya gefen wata budurwa ce mai fukafukai, ta miƙa hannu sama riƙe da wani zagayayyen abu. Yunanawa suna cewa allahiyarsu ce ta nasara, abin hannunta kuma rawanin ganye ne da suke ɗora wa gwarzo. Su ta shafa. Mu 'yan Saka kallo ɗaya muka yi muka gane igiya ce a naɗe, irin wadda tsohuwar dangi ke miƙa wa mutum ranar da aka damƙa masa shugabancin garke. Budurwar kuwa, har yaran gari sun san Zaruna ce.

Ga yadda aka yi. Lokacin tana budurwa, akwai wani saurayi Bayunane mai suna Kaliyas, haifaffen garin nan, mai sassaƙa hatimin ƙarfe a maƙerar sarki, hatimin da ake buga kuɗi da shi. Aka ce ya sassaƙa allahiyar nasara. Siffar da ya gada wurin kakansa ta farar ƙasa ce, ta sha hannu har ta suɗe, ba a gane gaba bare baya. Ya fito yawo yana tunani, ya je ya tsaya sototo a bayan wata goɗiya mai jego. Zaruna ta hango goɗiyar ta kwantar da kunne, ta zaburo da igiya a naɗe ta ɗaga za ta tsula masa don ya kauce. Shi kuwa maimakon ya kauce sai ya saki baki yana kallonta. Goɗiya ta ba shi rabonsa a cinya, har yau yana ɗingishi. Kafin cinyar ta warke ya gama hatimi, kafin kwabon ya zaga gari ya kai dukiyar aure.

Tun daga nan, duk wanda ya biya ta da tsohon kwabo sai ta juya shi, ta goge da yatsa, ta ɗaga masa.

"Ka gan ni nan. Fukafukai kawai ya ƙara mini, sauran duk nawa ne."

Masu dawaki suna tsokanarta, su ce, "Inna, ina ƙugun nan ya tafi?"

"Ubanku ya ara bai dawo da shi ba," in ji ta, kasuwa ta ɗauki dariya.

Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne labarin fatake. Wannan ya ce ya gan ta a hannun masu fito a bakin babban kogi, wancan ya ce da ita ya sayi gishiri a wani gari da ko sunansa ba ta iya faɗa. Ita da ba ta ƙara ƙetare ganuwar Taksila ba tun da ta yi aure, ga shi ta zaga duniya. Ba ta ɓoyewa, tana alfahari da abin, kuma ni ban ga laifinta ba.

Sai mulki ya juya. Yunanawa suka sauka, namu ya hau, ɗan Saka mai doki da bulala. Ranar da labari ya zo ba wanda ya kai Zaruna rawa, har ta raba wa mutane ragama kyauta. Murnar ba ta je ko'ina ba mai shela ya iso kasuwa da hantsi, ya ce sarki ya yi umarni a tattaro duk tsohon kwabo a kai maƙera. Ba narkarwa za a yi ba, tagulla ta yi tsada, itace ma haka. Gasa shi za a yi a wuta, a ɗora sabon hatimi a kai, a maka masa guduma, tsohon zane ya mutu sabo ya hau.

Maƙwabciyar rumfarta ta leƙo ta ce, "To allahiya, an kore ki daga aiki."

Zaruna ta yi dariyar yaƙe. Igiyar da ke hannunta ta warware ba ta sani ba. Ta san mutum ɗaya ne a garin nan ke sassaƙa hatimin sarki, mutum ɗaya ne kuma ke riƙe babbar guduma. Na farko mijinta ne, na biyu ɗanta Aspaka.

Ta isa gida ta tarar da tsohon a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ya duƙa kan guntun ƙarfe har hancinsa na neman taɓa shi. Aspaka na gefe, ƙato kamar rumbu, yana cin gurasa da miyar wake.

"Baban Aspaka, ashe da kai aka ƙulla?"

"Aka ƙulla me?" in ji Kaliyas, bai ɗago ba.

"Kada ka raina mini hankali. Mene ne wannan kake sassaƙawa?"

"Sarki ne a kan doki. Ɗayan kuma bijimi ne mai tozo."

"Bijimi. Wato ni za a ɗauke a sa bijimi."

"A'a, bijimin kan tsohon sarki zai hau. Ke dokin ne zai hau kanki."

Aspaka ya ƙware da miya, ya juya baya yana tari. Zaruna ta dube shi.

"Yi dariya, ɗan albarka. Na ɗauke ka a cikina, na ciyar da kai har ka zama abin da ka zama, ashe ƙarfin da za a murƙushe ni da shi nake kiwo."

"Inna, ni me na yi? Abin da aka ɗora mini shi nake bugawa."

Kaliyas ya ajiye ƙarfen sassaƙa, ya murza idanunsa. "'Yar Saka, umarnin sarki ne, kuma sarkin naku ne, ba namu ba. Na ware miki masu kyau, waɗanda ba su suɗe ba. Ki sa a tukunya ki ajiye, ba mai shiga ɗakinki."

Nan ne ranta ya ɓaci da gaske. "A tukunya? Ni da ke yawo har bakin kogi, ni da ake ɗaurewa a bakin zane a kai ni gidan biki, za ka rufe a tukunya? Ai sai ka haɗa da ni ka binne, ka huta." Ta so a ce ko sau ɗaya ya nuna abin ya dame shi, ko da ƙarya ce. Shi kuwa ya ɗauki ƙarfensa ya koma duƙe. Ta ce a ranta, yarinyar da ya ci shurin goɗiya saboda ita ta daɗe da fita daga idonsa, tsohuwar da ta rage kuwa mai dafa wake ce kawai. Wannan ya fi zancen kwabon yi mata ciwo.

Washegari ta ɗaura ɗamara ta nufi wurin Farnaka, wanda sarki ya ɗora a kan maƙera. Ɗan ƙanenta ne, a bayanta ya yi barcin yarinta, yanzu ya zama mutum da doguwar hula mai tsini da dogarai biyu a ƙofa. Dogaran suka gan ta suka dare, sun san hali.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Da kin aiko ai da na zo."

"Da na aiko da ka ce kana wurin sarki. Zauna in tambaye ka. Sabon kwabon nan, kusurwa nawa gare shi?"

"Huɗu, kamar na da. Abin da kasuwa ta saba da shi ke nan."

"Nauyinsa fa?"

"Na da ne."

"Rubutun da ke kewaye da dokin, na su wa ne?"

Farnaka ya sosa gemu. "Na Yunanawa. Na mutanen ƙasar nan yana wajen bijimin."

"Kai ka iya karanta shi? Sarkin ya iya?"

"Gwaggo, ki yi a hankali, akwai kunnuwa."

"Su ji. Kun riƙe siffarsu, kun riƙe ma'auninsu, kun riƙe rubutunsu da ba ku san kansa ba, kun riƙe har gurgun tsohonsu yana yi muku sassaƙa. Abu ɗaya tak na 'yan Saka da ke jikin kwabon nan, ni da igiyata, shi kuka ga ya dace ku goge. Naka shi ke ba da kai, yau na yarda."

Farnaka ya yi dariya har da buga cinya, amma da ya ga idonta ya kawo ruwa sai ya haɗiye sauran. Ya ce da zai iya da ya yi. Fuskar tsohon sarki ce ba a son gani, kuma guduma in ta sauka ba ta san gefe ɗaya ba, duka biyun take ci. Sai ya roƙe ta alfarma. Ranar da za a fara bugu, al'ada ta ce tsohuwar dangi ce za ta yayyafa nonon goɗiya a kan sabon aiki don ya yi albarka, kuma duk danginsu ba wadda ta girme ta.

"Wato ni zan sa wa wuƙar da za a yanka ni albarka."

"In ba ki zo ba mutane za su ce kina fushi da sarki."

Ta juya ta fita. Kwanakin da suka biyo baya gidan Kaliyas ya ga taskun duniya. Miya yau ba gishiri, gobe gishirin ya yi yawa. In tsohon ya yi magana sai ta amsa wa kaza. Kullum tana ganin jakai na wucewa ta gaban rumfarta da buhunan tsohon kwabo, suna ƙara cas-cas, ta kau da kai.

Amma ranar ta je. Zaruna ba ta guje wa taro, ko na jana'izarta ne. Ta sa doguwar rigarta mai ado da hular matan Saka, ta rataya salkar nono a kafaɗa. Maƙera ta cika da manyan mahaya, kowa da bulalarsa a hannu. Ana zuga wuta, kwabbai jere a kan faffaɗan kasko sun yi ja. Aspaka ya tuɓe riga ya riƙe guduma. Kaliyas ya kafa hatimin bijimi a cikin uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kai, na dokin kuma yana riƙe da shi a awartaki, yana ta nanata wa mai ɗora kwabo cewa ya sa gefen macen ya dubi sama, kanta wajen bango, kada ya kuskura ya juya. Zaruna ta ji, ta ce a ranta, har yadda za a kwantar da ni ya tsara.

Aka janyo kaskon daga wuta aka ajiye a gabanta. Farnaka ya ce, "Gwaggo, sa albarka."

Abin da al'ada ta ce, ki tsoma yatsu uku ki yarfa, shi ke nan. Ta kwance bakin salka, ta duƙa, sai ta ga kanta. Ga ta nan jere reras, budurwa bayan budurwa, kowacce da hannu a sama, sun yi jajir cikin zafi. Idonta ya rufe da hawaye, haushi ya kama ta. Ta ce, "In albarka kuke so, ga ta nan ku ƙoshi," ta tuntsurar da salkar gaba ɗaya.

Kasko ya yi ƙara, tururi ya turnuƙe maƙera, ƙaurin nono ya sa manyan mahaya tari. Da hayaƙi ya lafa, kwabban da suka yi ja sun koma baƙi, sun huce.

Kaliyas ya ce, "A mayar da su wuta. Ba a bugun tagulla da sanyi."

Wani tsohon mahayi mai ido ɗaya ya daka masa tsawa. "A mayar da me? Abin da aka sa wa albarka ba ya komawa wuta, sai albarkar ta ƙone. Ku Yunanawa ba ku san komai ba sai rubutu. A buga haka."

Sauran suka ce gaskiya ne. Kaliyas ya dubi ɗansa. Aka ɗora kwabo, aka dafa hatimi, Aspaka ya ja numfashi ya sauke guduma da iyakar ƙarfinsa, har ƙasa ta amsa. Kwabon ya faɗa cikin tire. Farnaka ya ɗauka, ya duba gefen bijimi. Tsohon sarki ya tafi, sai ɗan tsinin hancinsa da ya maƙale a gindin tozo, wanda ba mai lura da shi. Ya juya ɗaya gefen.

Ga sarki a kan doki da bulalarsa, ga rubutun Yunanawa kewaye, komai ya fito. Amma a bayan mahayin, sama da kafaɗarsa, ga hannun mace ya fito raɗau, da kafaɗa da rabin fuska da bakin fiffike, zagayayyen abin nan kuwa ya tsaya daidai saman kan sarki.

Aka buga na biyu, haka. Na uku ma haka. Aspaka ya ajiye guduma a tsorace, domin ɓata kuɗin sarki ba wasa ba ne, an sha yanke wa mutum hannu a kan abin da bai kai wannan ba. Zaruna ta yar da salkar. Ta matso gaban ɗanta ta tsaya.

"Ni na zuba nonon. In hannu za a yanka ga nawa, ya tsufa dama."

Tsohon mai ido ɗaya ya fizge kwabon daga hannun Farnaka, ya kai shi kusa da idonsa mai gani. Ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hularsa.

"Ku zo ku gani. An miƙa masa igiya."

Mahaya suka yi caa a kansa, kwabo ya bi hannu-hannu. Wannan ya ce tun da sarki ya hau ba a yi masa miƙon igiya yadda ya kamata ba, saboda yaƙi, ga shi tagulla da kanta ta yi. Wancan ya ce nonon ne, goɗiyar da aka tatsa a nemo ta a saya. Farnaka ya karɓi kwabon ya sake dubawa, ya ɗago ya dubi gwaggonsa.

"Wannan hannun na san shi," in ji shi a hankali. "Ya sha jan kunnena." Ya zuba kwabban uku a jakarsa. "Ban san abin da sarki zai ce ba. A dakata da bugu sai na dawo. Kada kowa ya bar gari."

Suka koma gida. Aspaka ya wuce wurin matarsa. Zaruna ta zauna a kan turmi da kayan ado a jikinta, tsoro ya hana ta ko cire hula. Kaliyas ya ɗingiso ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Na jawo mana," in ji ta.

"Rabi dai kika jawo."

"Kamar yaya rabi?"

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce tun ranar da aka ba shi aikin ya auna inda hannunta zai faɗo a ƙarƙashin sabon hatimi, ya matsar da dokin gaba, ya bar wurin fili. An so ya sa tambarin maƙera a nan, ya ce ba kyau, ya kai shi ƙarƙashin cikin doki. Sannan ya ɗan rarake filin, kaɗan dai, yadda hatimi ba zai danne wurin sosai ba. Da tagullar na da zafi, da ta malala ta cike ramin, abin da zai rage 'yar inuwa ce, wadda ba mai ganinta sai wanda ya san inda zai duba.

"Ni kaɗai na so in riƙa ganinki," in ji shi. "Sai kika zo da salkarki kika nuna wa duniya."

Zaruna ta dube shi, baki buɗe. "Kwana da kwanaki ina ba ka miya ba gishiri, kana da wannan a cikinka ka yi shiru?"

"In na faɗa miki, kafin rana ta faɗi kasuwar dawaki ta ji."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kai masa duka, sai ta fashe da kuka, kukan ya juye dariya, ta rasa wanne za ta riƙe. Daɗi ya kama ta irin wanda ta manta da shi. Ranar nan tsohon ya ci naman rago da ruwan inabi, ko da yake ba wanda ya san ko gobe za a wayi gari da hannuwa cikakku.

Kwanaki suka ɗan ja kafin Farnaka ya dawo daga sansanin sarki. Ya shigo gidan da rana tsaka, ƙura har gira, ya ƙi cewa komai sai da aka ba shi ruwa, ya sha, ya nemi ƙari. Zaruna ta ƙwace ƙwaryar.

"Za ka yi magana ko sai na tuna maka da kunnenka?"

Ya ce sarki ya juya kwabon ya fi a ƙirga. Marubucinsa Bayunane ya ce allahiyar nasara ce ke ɗora masa rawanin ganye, tsofaffin Saka suka ce igiyar shugabanci ce, gardama ta kaure har aka kusa zare wuƙa. Sarki ya ce su bari, abin da zai sa Bayunane ya ga nasa ɗan Saka ya ga nasa a kwabo ɗaya, shi yake nema tun da ya hau. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Amma ba ya son rabin mace, kuma ba za a riƙa ɓarnar nono kullum ba. A sassaƙa sabon hatimi, a sa ta cikakkiya a bayan doki, da igiyarta.

Aspaka ya sulale ya zauna a ƙasa yana shafa dantsensa. Zaruna ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse.

Da safe ta kawo wa mijinta tsohon kwabo guda, mafi kyau cikin waɗanda ya ware mata. "Ga ta nan. Ka kwafe ta yadda take, kada ka rage mata komai."

Kaliyas ya karɓa ya ajiye a gefe, ya kife shi. "Kakana ya koya mini abu ɗaya. Mu ba ma sassaƙa abin da muka tuna, sai abin da ke gaban ido. Ɗauko igiya ki tsaya can wajen haske."

"Ni? Yanzu? Ka ga yadda na koma kuwa?"

"Kullum ina gani."

"Za a ce allahiya ta cinye garke."

"A ce. Ɗaga hannun. Sama kaɗan. Ki ɗaure fuska kamar za ki doke ni."

"Wannan ba sai ka roƙa ba."

Haka suka yi ta yi, tana tsaye tana mita, kafaɗa ta gaji, ƙuda ya dame ta, wake na ƙonewa a kan wuta, shi kuwa ya ɗago ya dube ta ya duƙa, ya sake ɗagowa. Ta lura kallon da yake yi mata bai canza da na ranar goɗiya ba, har bakin a sake yake. Sai ta rage mitar, ba duka ba dai.

Sabon kwabo ya fita bayan girbin sha'ir. Na farko da ya iso rumfarta wani baƙon mai raƙuma ne ya kawo, ya sayi dabaibayi, bai san ta ba. Yana miƙa mata yana cewa, "Allahiyar garin nan dai ba ta kwana da yunwa." Masu dawaki suka kwashe da dariya, suka ce ya ɗago ya dubi mai rumfar. Ya duba kwabo, ya dube ta, ya sake duba kwabo, ya rasa inda zai sa kansa.

Zaruna ta goge shi da yatsa. Ga sarki a kan doki, ga rubutun da ba ta iya karantawa, ga kuma mace a baya, kakkaura, da hular Saka, da dantse irin na mai tufka, ta ɗaga igiya. Ta daɗe tana kallo. Ta bar wa maƙwabciya jiran rumfa, ta tafi gida da kwabon a dunƙule a hannu.

Ta sami tsohon a inda ya saba zama. Ta miƙa masa kwabon har kusa da hanci.

"Bayunane, ka yi kuskure. Dubi fukafukan nan. Na yarinyar can manya ne har ƙasa, waɗannan kuwa ko kaza ba za su ɗaga ba, bare ni."

Kaliyas bai ko duba ba. "Da gangan na yi," in ji shi. "Ina za ki?"

Ta tsaya da kwabo a hannu, ta sake duban ƙananan fukafukan. Sai ta gyara riga ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta ce ya matsa, ya tare mata rana.